Gilashi na Ƙarshe da Gaisuwar Baffa

Hoton farko da na ɗauka a duniya, gwiwoyina ne suka ɓata shi. Na ɗora akwatin a kan wani guntun katanga a Maigatari, na saita shi daidai da sabon gidan kwastan, na buɗe masa ido, sai wani dattijo mai jan akuya ya zo wucewa ya ce, "Samari, barka da hantsi." Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Amma dattijo ya riga ni gaisuwa! Gwiwoyina ba su tsaya shawara da ni ba, suka kai ƙasa, hannuwana kuma suka bi su da akwatin, idonsa a buɗe. Da aka wanko hoton, gidan kwastan ya fito kamar an jefa shi rijiya ana kallonsa yana faɗawa. Rufin kwanon ya zama farin hayaƙi, tagogin sun yi jela, a can ƙasa kuma ga wani baƙin abu da har yau ake gardama a kansa a gidanmu. Ni na ce akuyar ce, yayata ta ce babban yatsan ƙafata ne.

Na fara da wannan ne don kada wani ya ce ni yaro ne marar tarbiyya, kamar yadda ake faɗa yanzu a Gagarawa daga bakin rijiya har mahauta. Ni da gaisuwa aka haife ni. Inna ta ce sai da na gaida ungozoma kafin in yi kukan farko. Abin da ya faru a gaban tasha daga baya ba mantuwa ba ce, ba kuma aljani ba ne.

Akwatin kawuna ne ya kawo shi, ƙanen Inna, wanda ke jigilar fatu da kanwa a kan raƙuma tsakanin Maigatari da Damagaram. Wani Nasaran Faranshi ne da zai koma ƙasarsu ya zubar da tarkacensa, kukunsa ya tsinta ya ba kawu. Kawu ya ɗauka fitila ce ta lalace. Ya nemi inda ake zuba mai bai samu ba, ya nemi lagwani bai samu ba, ya ce Faranshi ko fitila ba su iya ba, ya miƙo mini. Tare da akwatin akwai wani ƙunshi mai nauyi a naɗe cikin baƙar takarda. Allah ya taimake ni, kawu ya zaci layar Nasara ce, bai yarda ya buɗe ba.

A lokacin ana jan dogo daga Kano, aikin ya iso gefen garinmu. Cikin masu aikin akwai wani akawu mutumin Ikko, siriri, mai nasa akwatin hoto na gaske, da ƙafafu uku da baƙin mayafi. Ya gan ni ina yawo da nawa a ka kamar mai tallan fura, ya kira ni.

"Kai yaro, ina ka samo wannan?"

"Fitilar kawuna ce."

Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan buhu. Shi ya gaya mini cewa ƙunshin nan gilasai ne, kowane ɗaya hoto ɗaya ne, kuma in haske ya taɓa shi kafin lokacinsa ya mutu ke nan. Shi ke sa mini gilashi a akwatin cikin duhun tantinsa, in na ɗauko in kawo masa, ya cire, ya wanke da wasu ruwaye masu warin da ke korar ƙuda. Gilasan ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Akwatin yana da ciwo biyu. Abin da ke kifta masa ido ya mutu, saboda haka da murfin gwangwani nake rufe idon, in cire, in mayar. Ƙofar bayansa kuma ba ta kamawa sosai, igiya ce ke riƙe da ita, in za a ɗauka sai na danne ta da tafin hannu. Akawu ya ce, "Ka ɗora shi kan abin da ba ya motsi. Ka cire murfi, ka riƙe numfashi har sai ka ji ƙirjinka ya fara roƙo, sannan ka rufe. Kada ka motsa, kada ka yi magana, ko kunama ce ta hau ka. In ka rufe da wuri, baƙi kawai za ka samu." Sannan ya tambaye ni wa nake so in ɗauka, babana ko budurwata.

"Tankin ruwan can," na ce.

Ya dube ni, ya dubi tankin, ya ce a garinsu ma akwai irina, amma ɗaure su ake yi.

Ni kuwa na san abin da nake so. Cikin katangar ƙasa na tashi. Ina sonta, tana da sanyi da bazara, amma ba ta da magana ɗaya: bana ta kumbura nan, baɗi ta zube can, kowace kaka sai an tara mu yaɓe, kuma duk inda hannun magini ya bi sai ya bar shaida. Ranar da na fara ganin bangon siminti, na sa yatsa a kusurwarsa na ja daga sama har ƙasa, sannan na duba ko ya yanke ni. Inuwarsa ma ba irin tamu ba ce, kamar da wuƙa aka yanka ta aka shimfiɗa a ƙasa. Tagogi suna jere kowace daidai da 'yar'uwarta, babu babba babu ƙarama. Wannan nake so in kama, shi kaɗai, ba kowa a gabansa. Gini ba ya kifta ido, ba ya gyara hula, ba ya tambaya ko ya yi kyau. Ban da haka, malaminmu na allo ya riga ya ce hoton abu mai rai ba abin so ba ne. To, tanki ba shi da rai. Wannan hujjar na riƙe ta kamar sanda, duk wanda ya taso mini da ita nake tare shi.

Sai dai a ƙasarmu ba a barin gini shi kaɗai. Na bi babana Gumel ranar da ya je sayen gishiri, na sulale zuwa sabon ɗakin magani. Fili fayau, ko ƙadangare babu. Ina ajiye akwatin ƙasa ta tsage ta fito da mutane. Mai ciwon haƙori ya manta da haƙorinsa ya zo ya tsaya a gaba yana murmushi da kumburarren kunci. Yara suka jeru. Wani wanzami ya koma gida ya sako babbar riga. Da hoton ya fito, waɗanda suka motsa sun zama kamar hayaƙin murhu, waɗanda suka tsaya sun rufe ƙofa, ɗakin maganin kuma sai rufinsa kawai ake gani yana leƙowa ta saman kawunansu.

Wani gilashin kuma abokin babana ne ya cinye shi. Na yi niyyar ba zan durƙusa ba, zan amsa da baki kawai. Ashe ban san tsawon gaisuwarmu ba sai ranar. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina gida, ina su Baffa, ina mai jiki, yaya sauro, yaya aka ji da rashin da aka yi. Kowace "lafiya" sai akwatin ya gyaɗa kai tare da ni. Tankin ya fito da ƙafafu kamar na ƙadandoniya. Na sake gwadawa da turmin Inna, na kife shi na ɗora akwatin a kai, komai ya zauna daram, sai wani jaki ya zo ya tsaya a tsakiya yana tunanin duniya. Na koma gida da turmin bayan an riga an aro na maƙwabta. Inna ta ce, "Turmina ne yau ya je kallon ginin Nasara? Ya gaya maka yana so?" Tuwon ranar a tsaye na ci shi.

Akawu ya jera hotunan a ƙasa ya duba, ya ce, "Akwatinka lafiyarsa ƙalau. Garinku ne ya cika ladabi."

Haka gilasan suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, saura guda. Shi kuwa na ajiye wa tasha.

Ban taɓa ganin abu kamarta ba. Doguwa ce, fara tas, rufin kwanonta ya zarce bango ya sauko kan ginshiƙan ƙarfe ya yi baranda. Ƙofa a tsakiya, tagogi a dama, tagogi a hagu, kamar an ninke ta biyu an buɗe. Da safe in rana ta bugo ta daga gabas, inuwar ginshiƙan na kwanciya a jere a kan daɓe, kai ka ce wani ne ya bi ya gyara su da hannu. An gama shafa mata farar ƙasa, jirgi bai fara tsayawa ba tukuna. Akawu ya ce da an buɗe ta za a jibge buhunan gyaɗa a gabanta har sama, ba za a ƙara ganin fuskarta ba. Ya kuma ce su aikinsu ya ƙare a nan, za su naɗe tanti su bi dogo gabas. Ya sa mini gilashin a akwati, ya ɗaure ƙofar da igiya, ya ce in kawo masa kafin su tashi, in ba haka ba babu mai wanke shi tsakanin nan da Kano.

Matsala ɗaya ce. A kan gonar Baffa aka gina tashar.

Baffa yayan babana ne, shi ne babban gidanmu. Mutum ne mai gaskiya, ba ya cin haƙƙin kowa, kuma ba ya yafe nasa, musamman gaisuwa. In zai wuce ta tsakar gida kaji ma rage tsawo suke yi. Ba ya taɓa fara yi wa ƙarami magana. Zai tsaya, ya yi gyaran murya sau ɗaya, ya jira, kuma yana iya jira har gero ya nuna. An ba shi wata gona a madadin tasa, mai kyau ma, amma kowace safiya sai ya taka zuwa tsohuwar, ya zaga inda iyakarta take a da, ya tsaya gaban tashar ya yi tsaki, sannan ya koma gida ya karya kumallo. Yana cewa daidai inda ƙofar nan take, nan geronsa ya fi yin zangarniya.

Saboda haka na jira har ya tafi ta'aziyya Ɗanzomo. Na lissafa ba zai dawo ba sai bayan kasuwa. Da sassafe na ɗauki akwatin, na mirgino wata gangar siminti da ba kowa a cikinta, na kafa ta a fili, na ɗora. Leburori suna can gindin wata tsamiya suna shan koko. Na roƙe su da girman Allah kada wanda ya taso, na yi musu alkawarin duk zan ɗauke su gobe, alhali na san ba ni da ko ɓallin gilashi. Rana ta ɗago daidai yadda nake so. Babu jaki, babu wanzami, babu akuya. Na danne ƙofar baya da hannun hagu, na ja numfashi, na cire murfin.

Sai Baffa ya ɓullo ta bayan tashar.

Ashe tun jiya da yamma ya dawo, ya sauka gidan surukinsa a gefen gari, abin da ya fara nema da gari ya waye kuma shi ne gonarsa. Ya tako a hankali da sandarsa, da rawanin tafiya a kansa, ya zo daidai ƙofar tashar, tsakanina da ita, ya juyo ya gan ni. Ya tsaya. Ya yi gyaran murya.

Wanda bai tashi a gidanmu ba ba zai gane nauyin abin ba. Ba gaisuwar safe kaɗai ake bina ba. Mutum ya dawo daga tafiya, tafiyar ma ta ta'aziyya: akwai ina kwana, akwai sannu da hanya, akwai yaya aka baro su, akwai Allah ya jiƙan rai, duk a durƙushe, takalmi a gefe. Gwiwoyina suka fara aikinsu. Na ji sun lanƙwasa kaɗan. Na ce musu a zuci, wallahi yau in kuka sauka sai na sayar da ku. Suka tsaya.

Ina iya mayar da murfin, in durƙusa, shi ke nan. Na san haka. Amma gilashin bai sha haske ya ƙoshi ba, baƙi zai fito, kuma babu wani a bayansa. Na kuma tuna hoton Gumel: duk wanda ya motsa hayaƙi yake zama, ginin ya fito ta cikinsa. Na ce a raina Baffa zai yi fushi ya ɗaga sanda, ko ya juya ya tafi, ko ya taho kaina, kowanne ya yi dai motsi ne, tashar za ta tsira. Saboda haka na dube shi ido cikin ido, bakina a rufe, kumatuna a kumbure da iska.

Baffa bai motsa ba. Ko gemunsa bai motsa ba. Ginshiƙan ƙarfen da ke bayansa ma sun fi shi rawa. Yana jiran gaisuwarsa, ni ina jiran motsinsa, akwatin kuma yana ta shan mu. Daga gindin tsamiya na ji an daina kurɓar koko. Wani lebura ya ce, "Kai, ku zo ku ga zakaru biyu." Wani ya ce, "Na sa kuɗina kan tsohon." Aka fashe da dariya, kuma na ga dariyar ta shiga kunnen Baffa, don idonsa ya ƙara ƙanƙancewa, amma wuyansa bai juya ba.

Ƙirjina ya yi roƙo, ya yi magiya, ya fara zagi. Sannan na mayar da murfin. Na cire takalmi, na zube ƙasa har goshina ya kusa taɓa yashi.

"Baffa, ina kwana. Sannu da hanya. Yaya aka baro su?"

Ya tako har inda nake. Bai amsa ko ɗaya ba. Ya ce, "Ka gama?"

"Na gama, Baffa."

Ya ɗauki akwatin ya saƙale a hammata kamar kaza, ya juya. Na bi shi a baya ina kallon igiyar da ke riƙe da ƙofar, ina addu'ar da ban taɓa yi wa kaina irinta ba.

Kafin mu isa gida labari ya riga mu. A bakin mutanen Gagarawa na riga na zagi Baffa, na tofa masa yawu, na kuma tsotse kurwarsa na zuba a akwati. Aka zauna a zaure, Baffa a kan buzu, babana a gefensa kansa a ƙasa, akwatin a tsakiya. Kafin in shiga Inna ta jawo ni bayan zana, ta kama kunnena, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ka ce ba ka san abin da ya same ka ba. Ka ce bakinka ne ya ƙulle, wani abu ya fito daga akwatin ya danne ka. A yi maka rubutu ka sha, magana ta mutu."

"Inna, in na faɗi haka fasa shi za su yi."

"To a fasa mana! Shi ya haife ka?"

Na shiga na durƙusa. Baffa bai dube ni ba, babana yake wa magana, don ni a ranar ban kai a yi mini magana kai tsaye ba. Ya ce shi ya san yaron nan tun yana tsumma, bai taɓa wuce shi ba gaisuwa ba, saboda haka ba yin kansa ba ne. Ya ce a kawo gatari a buɗe abin nan a ga wanda ke ciki. Ƙofar kuɓuta ce ya buɗe mini, na sani. Shi ma ya fi so a ce aljani ne ya raina shi gaban leburori, ba ɗan ƙanensa ba. Babana ya ɗago ya dube ni da idon da ke cewa, karɓi, kada ka yi wauta.

Na ce, "Baba, a gaya wa Baffa babu kowa a ciki. Da gangan na yi."

Na ji Inna ta ce "Wayyo" ta bayan zana.

"Ban ƙi gaisuwa ba," na ce. "Ajiye ta na yi kaɗan. Da na gama na biya ta duka, har da ta hanya. Gaisuwa tana jira, Baffa ma ya jira. Gilashin ne ba ya jira."

"Ji shi," in ji Baffa, yanzu kam ni yake kallo. "Ni ka ajiye? Ni da jaki ɗaya muke a wurinka?"

"A'a, Baffa. Jakin bai san yana tsaye ba."

Wannan ba da niyyar ban dariya na faɗe ta ba, bakina ne ya riga ni. Babana ya yi wani tari mai kama da dariyar da aka shaƙe, sannan don ya rufe ta ya tashi ya karyo tsumagiya. Ya tambaye ni ko na yi nadama. Na ce na yi nadamar dariyar da leburori suka yi, amma da za a sake ba ni gilashi, ba zan rufe da wuri ba. Ya sake tambaya, don ya ba ni dama. Na sake faɗa, don ban ga abin da ya canja ba.

Dukan ba zan ɓoye ba, an yi shi. Hannun babana ba shi da nauyi, amma na yi ihun da ya tsayar da ciniki a kasuwar Maigatari, raƙuman kawu suka tsinke igiya a Damagaram. Na yi hakan ne don Baffa ya ji an biya shi. Duk ihun nan idona na kan akwatin. Ba wanda ya taɓa igiyar.

Da aka gama Baffa ya ce tunda babu aljani a ciki, ba zai fasa ba, shi ba ya ɓarna. Amma abin da zai sa yaro ya tsaya ƙiƙam gaban babba ba zai sake kwana a gidan nan ba. Ya tashi, ya saƙale shi a hammata, ya taka da kansa har wurin masu aiki, ni ina ɗingishi a bayansa, ɗingishin da rabinsa na gaske ne. Mun tarar an riga an kwance tanti ana ɗaure kaya. Baffa ya miƙa wa akawu akwatin ya ce, "Ga kayan irinku, ku tafi da shi." Akawu ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu, ya gaida shi da Hausarsa ta kasuwa, doguwar gaisuwa har da ta iyali. Baffa ya waiwayo ya dube ni ya ce, "Ka gani? Mutumin Ikko ma." Akawu ya duba igiyar, ya ga ba a kwance ba, ya kashe mini ido ɗaya.

Aka buɗe tasha. Jirgi ya zo, mutane suka gudu, suka dawo. Buhunan gyaɗa suka hau gabanta kamar yadda aka faɗa, hayaƙi ya ɓata farar ƙasar, masu tuwo suka kafa rumfuna a jikin barandar. Ni kuma na zama abin misali. In yaro ya yi jinkirin gaisuwa sai a ce, "Kai ma hoto kake ɗauka?" Ban damu ba. Har na fara amsawa da kaina in an faɗa a gabana.

Sai bayan damina wani birkila da ya dawo daga gabas ya kawo abu a naɗe cikin kwali, ya ce akawu ya ce a ba yaron tanki. Da yake a ƙofar gida ya yi sallama, hannun Baffa ya fara shiga. Aka kira ni zaure.

Ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau irinsa ba. Rufin ya fito a miƙe, kusurwoyin da kaifinsu, inuwar ginshiƙan a jere kamar yadda na gan ta. A tsakiya kuma, daidai inda ƙofar take, ga Baffa. Ya rufe ta ruf, ita da taga guda. Kowace gargasar gemunsa ta fito, da ƙurar hanya a rawaninsa, da jijiyar hannunsa a kan sanda, da idon nan da yake jiran gaisuwa da shi. Na nuna masa cewa da ya ɗan matsa ko taku ɗaya da ƙofar ta fito. Ya ce shi ba a tasha ya tsaya ba, a gonarsa ya tsaya.

Na ce hoton nawa ne. Ya ce wa ke ciki? Na ce malam ya ce hoton mai rai ba abin so ba ne, gara a ba ni in ajiye. Ya ce ai ba ratayewa zai yi ba.

Yana cikin adakarsa yanzu, a naɗe cikin tsohon rawani. In ya yi baƙi yakan ciro ya nuna musu inda geronsa ya fi yin zangarniya. Akwatin bai dawo ba, ban kuma sake samun wani ba. In ina so in ga tashar yadda take kafin gyaɗa ta rufe ta, sai in je zauren Baffa, in cire takalmi, in durƙusa, in gaida shi har ƙarshe, sannan ya buɗe adakar.